Babi na Shida: Daga Baki zuwa Takarda

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya san muhawarar likita da manomi. A fito da bencina inuwar darbejiya, a zaunar da yara huɗu nan, huɗu can. Yaro ya miƙe ya gaida alƙalai da mai kula da lokaci da 'yan'uwansa ɗalibai, sannan ya zubo abin da malam ya rubuta masa. In layi ɗaya ya kuɓuce masa sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai sama, ya koma farko. Abokin karawarsa ya tashi ya zubo nasa ba tare da ya taɓa ko ɗaya daga cikin maganganun na farko ba, domin shi ma hadda ya yi, kuma ba a ba shi haddar amsa ba. A tafa, a raba kyautar littafi da biro, kowa ya watse da ra'ayin da ya zo da shi.

A darasin insha'i ma haka abin yake. "Makarantarmu." "Yadda na yi hutun Sallah." Waɗannan batutuwa ba su da aibu, sai dai mai karanta su mutum ɗaya ne, wato malam, kuma da jan biro a hannu yake karantawa. Yaro ba ya daɗewa yake fahimtar cewa rubutu abu ne da ake yi don maki, ba don a sami wani abu a duniya ba.

To amma bi wannan yaron gida. Ko a ce yarinya 'yar shekara tara da take son a bar ta ta bi yayarta biki a wata unguwa. Ba ta tunkarar mahaifinta yana shigowa daga kasuwa a gajiye; sai ya ci abinci ya miƙe ƙafa. Ba ta zuwa da kanta in ta san zai ƙi, sai ta bi ta wurin kaka. Tun da rana ta gama wanke-wanke ba a sa ta ba. Ta tanadi maganar cewa an bar 'yar maƙwabta, wadda ma ba ta kai ta shekaru ba, kuma ta yi alkawarin dawowa kafin magariba. Wannan yarinya ta san lokacin magana, ta san wanda za ta yi wa, ta kawo misali, ta kuma toshe ƙofar da za a bi a hana ta tun kafin a buɗe. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aristotal na ƙasar Girka ya ce da abu uku ake shawo kan mutum: yardar da ya yi da halin mai magana, abin da maganar ta motsa a zuciyarsa, da ƙarfin hujjar kanta. Malamanmu na balaga kuma suka ce gwanintar magana ita ce ta dace da halin da ake ciki. Yarinyar ba ta taɓa jin ko ɗaya ba, amma da su take aiki.

Don haka malamin aji huɗu ko biyar ba sabon abu zai dasa wa yara ba. Abin da suka iya da baki zai taimaka masu su sauke a takarda. Wahalar kuwa a fili take. In kana magana kana ganin fuskar mutum, in ya ɗaure fuska ka sauya salo, in ya ce "don me?" ka ba shi dalili. Takarda ba ta ɗaure fuska, ba ta tambaya. Dole mai rubutu ya zaunar da mai karatu a cikin kansa, ya yi wa kansa tambayoyin da wancan zai yi. Wannan shi ne abin da yaro bai iya ba tukuna, kuma ta hanyar wasa ya fi saurin iyawa.

A fara da baki. A ja layi da alli a tsakiyar aji, ko da sanda a ƙasa in a waje ake. Malam ya jefa tambayar da kowane yaro yake da ra'ayi a kanta: ƙosai da awara wanne ya fi dacewa da kuɗin tara? Damina ko hunturu? A ƙara lokacin tara a rage na shara, ko a bar su yadda suke? Masu wannan ra'ayi su koma dama, masu wancan su koma hagu. Ƙa'ida biyu ce kawai. Ba wanda zai faɗi ra'ayinsa bai biyo shi da dalili ba, kuma duk wanda maganar ɗaya ɓangaren ta ratsa shi yana da damar tsallake layi ya koma can, a tafa masa. Wannan tafin yana da muhimmanci ƙwarai, domin yara suna ɗaukar sauya ra'ayi a matsayin faɗuwa, kuma muddin haka suke gani ba za su saurari juna ba.

Da farko dalilan za su zo a gurguje: "saboda ya fi daɗi." Kada malam ya ce ba daidai ba ne. Ya juya ga ɗaya ɓangaren ya tambaya ko wannan ya sa wani zai tsallako. Ba wanda zai motsa, don daɗi a bakin mai ci yake. Can sai wata ta ce awara ta fi riƙe ciki, in ka ci ta kuɗi kaɗan ba ka jin yunwa har a tashi. Sai ka ga mutum biyu sun tsallaka. A nan yara suke gani da idonsu bambancin dalilin da ya tsaya ga mai faɗarsa da wanda ya shafi mai sauraro, ba tare da an rubuta masu ma'anar komai a allo ba.

Masana sun gwada wannan hanya. A shekarar 2011 Deanna Kuhn da Amanda Crowell na Jami'ar Kolombiya a Amurka suka fitar da sakamakon wani bincike na shekara uku a kan ɗaliban da suka fara tun suna aji shida. An riƙa haɗa wasu bibbiyu suna musayar hujja da masu saɓanin ra'ayinsu ta kwamfuta, wasu kuma aka bar su da tattaunawar aji da yawan rubuta insha'i. A ƙarshe waɗanda suka yi ta karawa da juna su suka fi iya rubutun da ke duba ɓangare biyu na magana, duk da cewa ɗaya rukunin ya fi su yawan atisayen rubutu. Kwamfutar ba ita ce sirrin ba. Sirrin shi ne yaron da ya saba jin "ban yarda ba" daga bakin tsaransa yakan ci gaba da jin wannan murya ko da ya zauna shi kaɗai da fensir.

Bayan wasan layi, kafin zafin gardamar ya huce, kowa ya koma mazauninsa ya rubuta jimla uku. Ana iya gaya wa yara cewa magana irin wannan tukunya ce a kan murhu, sai da duwatsu uku take zama: abin da kake so, dalilinka, da misalin da mutum zai iya gani. In ɗaya ya ɓace tukunya ta kife. Jimla uku sun isa a makon farko. Wanda ya matsa wa yaro ya cika shafi zai sami shafin, amma maimaici ne zai cika shi.

Daga nan sai a ci kasuwa a aji. Kowane rukuni na yara biyar a ba su kaya ɗaya: tsohuwar buta, guntun alli, tsintsiya, murfin kwano, takalmin roba ƙafa ɗaya. Su rubuta tallar kayan a jikin kwali, jimla biyu ko uku, su kafa a gabansu. Sauran yara, kowa da tsakuwa uku a matsayin kuɗi, su zaga su karanta su ajiye tsakuwa a wurin wanda tallarsa ta ja su. Masu kaya ba su da izinin buɗe baki. Kwalin ne zai yi magana. Yawancin yaranmu sun san kasuwa, wasu ma daga talla suke zuwa makaranta ko can za su nufa in an tashi, kuma sau da yawa yarinyar da ba a jin muryarta a darasin Turanci ita ce za ta kwashe tsakuwoyin ajin. Yana da kyau malam ya lura da wannan, ya kuma faɗa a gaban kowa.

Akwai sharaɗin da ba a sassautawa a wannan kasuwa: ba ƙarya. In butar tana yoyo, ba za a rubuta cewa sabuwa ce ba. Ana iya rubuta cewa ta dace da ban-ruwan shuka, tunda da kanta take ɗiga. Duk tallar da aka kama da ƙarya an kwashe tsakuwoyinta. Ina ganin wannan sharaɗi ya fi duk sauran darasin daraja, domin yaran nan za su girma cikin tallace-tallacen rediyo na maganin da ke warkar da cuta arba'in, da saƙonnin WhatsApp da ba a san mafarinsu ba, da alkawuran lokacin zaɓe. Yaron da ya taɓa zama ya yi ta neman yadda zai yabi tsohuwar buta ba tare da ya yi ƙarya ba ya san inda ake ɓoye aibu, kuma zai gane in an ɓoye masa.

Wasan da na fi so shi ne shari'ar Gizo. Ba yaron da bai san Gizo ba, kuma kusan duk tatsuniyarsa a kan daɗin baki take: ya yaudari Kura, ya ci amanar Ƙoƙi, ya shiga tsakanin manyan dawa ya cinye rabonsu. A zaɓi tatsuniya ɗaya da ajin ya sani, wani ya ba da ita, sannan a kafa kotu. Alƙali, masu ƙara, masu kare wanda ake tuhuma, da shaidu: Kura, Zomo, Ƙoƙi, har da Botorami in tana cikin labarin. Kowane ɓangare ya rubuta jawabinsa kafin a zauna, kuma ba a karɓar hujjar da ba ta cikin tatsuniyar. Masu ƙara aikinsu da sauƙi. Masu kare Gizo su ne za su yi gumi, kuma su ne za su fi ƙaruwa. Sai sun koma cikin labarin sun tono: ashe fari ake yi, ashe 'ya'yansa kwana biyu ba su ci ba, ashe Kurar ma da niyyar cinye shi ta zo. Ba za su ce bai yi ba, don kowa ya ji ya yi. Za su nemi sassauci.

Mako na gaba a juya. Waɗanda suka yi ƙara su koma kariya. Yara za su yi ƙorafi, su ce ai su ba su yarda Gizo yana da gaskiya ba. A gaya masu ba a ce su yarda ba, an ce su nemo mafi ƙarfin abin da mai wancan ra'ayi zai faɗa. Wannan ɗabi'a tana da asali a tarihinmu. Lokacin da Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi suka saɓa a kan yaƙin da ya shafi Borno, wasiƙu suka yi ta aika wa juna, kowa yana kawo hujjarsa. Da Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya sa maganganun al-Kanemi a ciki tare da amsoshinsa, har mai karatu yau yana iya ganin ɓangarorin biyu. Ɗan aji biyar ba zai fahimci mas'alar da suka yi saɓani a kai ba, amma zai fahimci cewa manyan malamai sukan kawo maganar abokin hamayya cikakkiya kafin su amsa ta.

Malaman firamare a Amurka suna yawan amfani da wani ɗan littafin yara na Doreen Cronin da ya fito a shekarar 2000, mai suna Click, Clack, Moo. Shanu ne suka tsinci tsohon keken rubutu a rumbu, suka riƙa buga wa mai gona takarda suna neman barguna masu ɗumi, da ya ƙi suka hana nono. Ba sai an sayo littafin ba. Dabarar ce abin ɗauka, kuma dabbobinmu sun ishe mu. Kaza ta rubuta wa uwargida a kan shaho. Akuya ta nemi a daina ɗaure ta da damina. Jaki ya rubuta wa ubangidansa, wataƙila kamar haka:

"Maigida, bayan gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Ni ne jakinka. Ina roƙon ka bar ni in huta ranar Juma'a. Kwana shida nake kai taki gona da mangala, yanzu bayana ya fara tsagewa. Na san za ka ce damina ta matso, aiki ba ya jira. Gaskiyarka. Amma in na kwanta ciwo ana tsakiyar shuka, hayar amalanke za ka yi, kuma ka fi ni sanin kuɗinta bana."

Yara za su yi dariya, kuma cikin dariyar za su ga abubuwa da dama. Jakin ya gaida maigida. Ya faɗi abu ɗaya tak da yake so. Ya kawo maganar da maigida zai yi, ya amsa ta. Sannan bai tsaya a kan ciwon bayansa ba, ya nuna wa maigida asarar da shi zai yi. Sai a musanya takardu, kowane yaro ya zama maigida ya amsa wasiƙar maƙwabcinsa: ya yarda ko bai yarda ba, kuma don me.

Duk waɗannan share fage ne. Ranar da rubutu yake zama gaske a wurin yaro ita ce ranar da ya rubuta wa mutum na gaske, wanda yake da ikon cewa i ko a'a. A watan Oktoba na 1860 wata yarinya 'yar shekara 11 mai suna Grace Bedell, daga garin Westfield a jihar New York, ta rubuta wa Abraham Lincoln, lokacin yana takarar shugabancin Amurka. Ta ce fuskarsa siririya ce, gemu zai yi masa kyau. Ba ta tsaya nan ba. Ta ce tana da 'yan'uwa maza huɗu, wasu da ma shi za su zaɓa, in ya bar gemu za ta yi ƙoƙarin jawo sauran, kuma mata suna son gemu, za su matsa wa mazajensu su zaɓe shi. Ta gane abin da ɗan takara yake buƙata, ta ɗaura roƙonta a jikinsa. Lincoln ya amsa mata cikin 'yan kwanaki, yana tambaya ko mutane ba za su ga abin a matsayin iyayi ba tunda bai taɓa ajiye gemu ba. Ya dai bar shi, kuma a watan Fabrairu na 1861, da jirgin ƙasan da ke kai shi Washington ya tsaya a Westfield, ya nemi a kawo masa ita suka gaisa. Labari ne da yara suke so, kuma ana iya ba su shi cikin minti biyar.

Sai ajin ya zaɓi abin da yake damunsa da gaske. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: babu ruwan sha, tagar aji ta karye iska na shigowa da hunturu, makewayin 'yan mata ba ƙofa, awaki na shiga suna cin shukar makaranta. A ce ruwa aka zaɓa. Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, a yi mako guda ana ƙirga: yara nawa ne suke fita neman ruwa lokacin tara, nawa ne ba sa dawowa? Monita ya riƙa rubutawa a gefen allo. Darasin lissafi ya shigo ke nan, kuma yara za su ga yadda adadi yake ƙara wa magana nauyi fiye da "muna shan wahala ƙwarai da gaske." Kowane rukuni ya rubuta tasa wasiƙar, a karanta duka, ajin ya zaɓi wadda za a kai, ko a ɗebo gaisuwar wannan da hujjar waccan a haɗa.

A nan ne wasu iyaye, har da wasu malamai, suke ɗari-ɗari. Sukan ce ana koya wa yara musu da manya, alhali tarbiyyarmu ita ce yaro ya sunkuyar da kai. Damuwar ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma Bahaushe bai taɓa cewa na ƙasa ba ya neman abu wurin na sama ba; hanya ya shimfiɗa masa. Talaka yana kai kuka fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce "ranka ya daɗe," sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi ba tare da ya rage komai ba. Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, a kan aku da ba shi da ƙarfin tare ƙofa, amma ya hana ɗan sarki fita zuwa halaka da labari da lallashi. Wasiƙar yara ma haka za ta kasance. Ta buɗe da "Malam, Allah ya ƙara girma," ta gode wa abin da aka riga aka yi masu, ta faɗi buƙata, ta kawo ƙidayar, ta kuma faɗi abin da su yaran za su ɗauka a wuyansu. Yaron da aka koya wa wannan ya sami abin da zai yi da ɓacin ransa wanda ba zagi ba ne ba kuma jifa ba.

Da wane harshe za a yi? Da wanda yaro yake gardama da shi a filin ƙwallo. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Yaron da ya iya jera buƙata da dalili da misali da Hausa zai ɗauki wannan tsari ya kai shi Turanci ko Faransanci ko Larabci in lokaci ya yi. Wanda aka tilasta wa yin hujja da harshen da bai mallaka ba, hadda zai koma.

Malamin da ke da yara tamanin ko ɗari a aji zai ce yaushe zai duba wannan duka. Ba sai ya duba duka ba. Yara su musanya littattafai, mai karatu ya amsa tambaya uku a ƙasan rubutun: me yake so, wane dalili ya kawo, na yarda ko ban yarda ba? In mai karatu ya kasa gane abin da ake so, marubucin ya san inda gyara yake. Maganar ƙa'idar rubutu, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, raba kalma da haɗe ta, a bar ta sai an zo kwafe wasiƙar da za a aika. A lokacin yara da kansu za su riƙa tambayar yadda ake rubuta kalma, domin ba sa son hedimasta ya ga kuskurensu.

Abu ɗaya ya wajaba malam ya shirya tun kafin a fara: ya sami hedimasta su yi magana cewa wasiƙa na zuwa, kuma a taimaka a amsa ta a rubuce, ko da layi uku ne. Amsar ba dole ta zama "na yarda" ba. Sau da yawa ma za ta zama babu kuɗi, kuma gaskiya ce. In ta zo haka, a karanta ta a aji, a rubuta dalilin hedimasta a allo, a tambayi yara: to yanzu fa? Wani zai ce a rage buƙatar, maimakon rijiyar burtsatse a nemi randuna biyu da moɗa. Wata za ta ce a rubuta jadawalin waɗanda za su riƙa cika su kowace safiya a haɗa da wasiƙar. Wani kuma zai tuna cewa akwai kwamitin iyaye da malamai, akwai mai unguwa, kuma gaisuwar da za a yi wa mai unguwa daban take da ta hedimasta. Sai a ɗauko sabuwar takarda a fara wasiƙa ta biyu.